Bufen kayan teku a otal ɗin caca na Las Vegas, ya kai kuɗinsa kuwa?

Ɗan Kawo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san abun. Ina cikin waɗanda ofis zai tura Amurka watan Janairu in Allah Ya kai mu, baje kolin kayan lantarki da fasaha ɗin nan CES da ake yi duk shekara a Las Vegas, toh masaukin da aka kama mana irin manyan otal ɗin nan ne masu gidan caca a ƙasa, an ce a babban titin garin kusan duk haka suke. Abokan tafiyar nawa 'yan Legas ne da ɗan Fatakwal, tun yanzu sun fara tsara cewa dare ɗaya lallai sai mun je bufen kayan teku, wai ka biya kuɗi sau ɗaya ka ɗebi ƙafar kaguwa da jatan lande da su kawa iya cikinka, har bidiyo suke ta turo min a WhatsApp.

Ni kuma gaskiya da na ji kuɗin sai jikina ya yi sanyi, sun ce na Caesars Palace ya wuce dala 80 mutum ɗaya. Kuɗin guzurin da za a ba mu na riga na gama mai lissafi, ga kuɗin makarantar yara zango na biyu yana jirana a Janairun, ga tsarabar gida da ta dangi wanda kun san ba a dawowa hannu biyu. Sannan ni kifin da na sani tarwada ce da karfasa da titus da kote, sai kirafish da madam ke sawa a miya, ban taɓa zama na ɓare kaguwa da hannuna ba.

Toh abun da nake son sani, abincin yana da kyau har ya kai wannan kuɗin ko suna ne kawai? Kuma mutum kamar ni da bai saba ba zai iya cin na kuɗinsa? Sai kuma wanda ya fi damuna, ya halascin abun yake, tunda a cikin gidan caca wurin yake, ni ba caca zan yi ba wallahi amma zuciyata ba ta kwanta ba. Bana son in ware kaina daga abokan aiki su ga kaman ina gudunsu, kuma bana son in zubar da kuɗi a banza. Na gode.

Baban Yara U/Rimi

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo mana da ku lafiya. Na zauna California lokacin da nake aiki a can, kuma daga Los Angeles zuwa Vegas tafiyar awa huɗu ce zuwa biyar a mota, mun sha zuwa taro, don haka bari in faɗa maka abun da na gani.

Ka fara riƙe wannan, Las Vegas a tsakiyar hamada take, hamadar Mojave a jihar Nevada, babu teku, kafin ka ga teku sai ka yi fiye da kilomita 400. Yadda mu nan Kaduna titus ɗinmu yake tasowa daga Legas a motar sanyi cikin kwali ya sauka ɗakin ƙanƙara kafin ya iso hannun mai saidawa a kasuwar Gumi, toh haka kaguwar tasu take iso musu. Ƙafafun nan dogaye da ka gani a bidiyo, wadda suke kira snow crab, tun a can inda aka kamo ta, yawanci Kanada ko Alaska, ake dafa ta a daskarar da ita cikin ruwan gishiri, otal narkarwa kawai yake yi ya jera a kan ƙanƙara ko ya turara. Jatan landen kuma mafi yawan wanda ake ci a Amurka na kiwo ne daga Indiya da Ekwado da Indonesiya. Ba wai ina cewa ba daɗi ba ne, daskararren abu in an kula da shi yana da daɗi sosai, amma kar ka je da tunanin yau da asuba aka fito da shi daga ruwa.

Sannan ka gane dalilin da ya sa bufen yake wurin tun asali. A shekarun 1940 wani otal El Rancho Vegas ya fara, dala 1 kacal ka ci ka ƙoshi, ba don suna son mutane ba, don kar mai caca ya ji yunwa cikin dare ya fita neman abinci ya tafi da sauran kuɗinsa. An daɗe a haka, su faɗi a kicin su mayar a teburin caca, shi ya sa mutanen da suka je da daɗewa za su ce maka abinci a Vegas araha ne, kuma gaskiya suka faɗa, a lokacin. Yanzu lissafin ya canja. Bufen Caesars Palace ɗin da abokanka suke magana, Bacchanal sunansa, a 2012 aka buɗe shi kuma tun farko a matsayin wurin alfarma aka yi shi, shi kansa riba ake nema da shi. Da korona ta zo a 2020 aka rufe komai, da yawa daga cikin bufen ba su sake buɗewa ba, har da na otal ɗin Rio wanda shi ne ya yi suna a kan kayan teku, waɗanda suka rage a babban titin ba su da yawa kuma sun san za a zo musu ko nawa suka sa.

Ita kaguwar ma ta yi wuya. A Oktoban 2022 Alaska ta soke kamun snow crab na tekun Bering gaba ɗaya, karo na farko a tarihi, saboda kusan biliyan 10 sun ɓace tsakanin 2018 da 2021, masana suka ce ruwan ne ya yi ɗumi suka mutu da yunwa. A shekarar dai Amurka ta hana shigo da kayan teku daga Rasha saboda yaƙin Yukren, kuma Rasha na cikin manyan masu kawo musu kaguwa.

Yanzu mu zo kan kuɗi. Dala 80 ɗin da aka ce maka ba ita za ka biya ba, a can farashin da aka rubuta babu haraji a ciki, a Vegas akwai kashi 8.375 a kai, sannan ga tukwicin mai kawo maka abun sha da kwashe faranti wanda a al'adarsu kaman dole ne. Ka sa a ranka dala 100 ta tafi. In ka buga kowace dala a naira 1,500, naira 150,000 kenan, a jiharmu ta Kaduna da mafi ƙarancin albashi 72,000 ne, albashin wata biyu na wani bawan Allah a zama ɗaya, zaman ma minti 90 suke ba ka.

Ra'ayina tsakani da Allah, wanda yake fanshe kuɗinsa a wurin nan shi ne wanda ya iya ɓare kaguwa da sauri kuma don ita ya zo, ya yi faranti uku huɗu bai kalli shinkafa ba. Abokanka na Fatakwal da Legas za su iya. Kai kuma da ba ka saba ba, za ka ɗauko ƙafa biyu ka yi ta fama da ɓawo, ka gaji ka koma kan shinkafa da kaza da kek, abincin da dala 25 za ta saya maka a waje. Da ni ne kai, ga kuɗin makaranta a gaba, ba zan je ba. In kayan tekun kuke so ku ɗau mota zuwa Spring Mountain Road, unguwar 'yan China ce, minti kaɗan daga babban titin, akwai gidajen abinci da kaguwar tana raye a tanki ka nuna a dafa maka, ku huɗu ku haɗa kuɗi ku raba.

Kuku Barnawa

Salam. Baba ya gama magana a kan farashi, ni Amurka ba layina ba ce amma na yi shekaru a kicin ɗin manyan otal a Abuja da Legas har da masu gidan caca a ciki, kuma bufe ko ina tsarinsa ɗaya ne, toh bari in gaya maka yadda muke shirya shi daga ciki, ko da ka yanke za ka je.

Oga babu wanda ke jera abinci haka kawai. Abun da ke cika ciki da araha, burodi, taliya, soyayyar shinkafa, dankali, su ake sawa inda ido zai fara sauka, kafin ka iso wurin mai tsada farantinka ya cika, kuma kai ɗan gidan tarbiyya ne ba za ka zubar ba. Mai tsadan kuma ko dai a sa ma'aikaci ya riƙa zuba maka da kansa don ka ji nauyin cewa a ƙara, ko a riƙa fito da shi kaɗan kaɗan layi ya taru, minti goma a layi minti goma ne daga lokacinka. Lemun kwalba da ake ta cika maka kofi ba ka tambaya ba shi ma yana cikin lissafi. Don haka in ka shiga kar ka ɗau faranti tukuna, zaga wurin gaba ɗaya hannunka a aljihu ka ga me da me ke akwai, sannan ka fara da abun da ya kawo ka.

Yadda za ka gane kaguwar kirki. Ka fara da hanci, ƙamshin ruwan teku mai sauƙi ya kamata ka ji, in ka ji wani ɗan zarni yana tashi ka ajiye kar ka ko ɗanɗana. In ka karya ƙafar naman ya fito dogo guda ɗaya fari da ja a baya, yana da ɗan zaƙi, toh an kula da ita. In ya manne a ɓawo yana fitowa zare zare a bushe, ta daɗe a firiza. In ruwa na tsiyaya kuma gishiri ya yi yawa, an narkar da ita da gaggawa ne. Kuma ka sani kusan rabin abun da ka tulo a faranti ɓawo ne da ruwa, shi ya sa tulin da kake gani a bidiyo yake ruɗin mutane. Ɓarewar ba wuya in an nuna maka, ka karya a gaɓa ka zare 'yar jijiyar nan mai kama da roba, sannan ka lanƙwasa tsakiyar ƙafar a hankali har ɓawon ya tsage ka ja, wasu wuraren ma sun riga sun tsaga maka ita gida biyu. Mai sanyi ce a kan ƙanƙara akasari, amma in akwai turararriya ita za ka nema, bakin ɗan Arewa ya fi karɓar mai zafi, ka matsa lemun tsami, man shanun da suke bayarwa a tsoma ka taɓa kaɗan don yana saurin gundura.

Jatan lande kuma, in ka ga ya dahu amma yana sheƙi kaman gilashi yana santsi a baki, an jiƙa shi da sinadarin fosfet ne don ya riƙe ruwa ya yi nauyi, ba zai cutar da kai ba amma ba ɗanɗano. Sai kuma wani abu ja da fari da ake yankawa a salak da cikin sushi a ce kaguwa ce, wannan ba kaguwa ba ce, niƙaƙƙen farin kifi ne da sitaci da kala, surimi sunansa, kar ka cika ciki da shi kana ganin ka ci riba.

Dokar kicin, mai zafi ya kasance digiri 60 zuwa sama, mai sanyi 5 zuwa ƙasa, tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. In ƙanƙarar ta narke kayan suna iyo a ruwa, ko miya ta yi ɗumi ɗumi ta yi fata a sama, wuce. Anan ne manyan wuraren suka fi ƙanana, saboda jama'a sun yi yawa tire baya daɗewa ake canja shi, wanda nake tsoro shi ne bufe mai araha da ba kowa, tire ɗaya tun magariba har sha ɗaya. Ku je farkon buɗewar na dare, kar ku je awar ƙarshe. Kuma in kun ga na rana ya fi araha ku tambaya tukuna ko akwai kaguwa a ciki, wurare da yawa sai dare ko ƙarshen mako suke fito da ita.

Wani abu da ke min ciwo, manyan jatan landen da ake kamawa a ruwan Najeriya Turai ake kai su a kwali saboda kyansu. Duk ranar da aiki ya kai ka Legas ka sa abokan nan naka su kai ka kasuwar kifi ta Epe, ka ga kaguwa tana motsi a kwando, a yi maka farfesunta. Bayan nan babu bufen da zai ruɗe ka.

Malam T/Wada

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da alheri ɗan uwa da ka tambaya kafin ka aikata. Ni ɗalibi ne, abun da na karanta a gaban malamai zan faɗa, kuma ka ƙara tuntuɓar malamin da ka amince da shi kafin tafiyar.

Mas'alar kashi uku ce kar a cakuɗa su. Na farko su dabbobin ruwan. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abun da ke rayuwa a teku halal ne, kifi ne ko kaguwa ko jatan lande ko kawa, kuma baya buƙatar yanka. Hujja aya ta 96 a Suratul Ma'ida inda Allah Ya halatta mana farautar teku da abincinsa, da hadisin Abu Huraira da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi kaɗai, shi ya sa in ka haɗu da ɗan Pakistan ko ɗan Turkiyya a can ya ce maka kaguwa bata halatta kar ka yi mamaki kuma kar ku yi jayayya, mazhabarsa ce.

Na biyu abun da aka dafa su da shi, kuma anan ne matsalar take wadda mutane basa lura. Turawa suna yawan dafa irin su mussels, wasu masu ɓawo kaman kawa, da farar giyar inabi, wani soyayyen kifin ana kwaɓa fulawarsa da giya, farar miyar nan mai kauri clam chowder kusan kullum da naman alade a ciki, wani lokaci a naɗe abun tekun da shi gaba ɗaya. In ka ga an rubuta bacon ko ham ko pancetta ko chorizo a jikin katin, alade ne. In ka ga wine ko beer ko sherry, giya ce, kuma maganar wai wuta tana ƙone ta duka ba haka ba ne, saura na zama. Ga kuma cokalin da wani ya ɗebo alade da shi ya mayar a wani tire, wannan a bufe yana faruwa. Wanda ya fi aminci shi ne wanda aka turara ko aka gasa shi tsurarsa, kuma ka tambayi ma'aikacin kai tsaye, a ƙasashen nan sun saba da irin tambayar. Naman sa da kaza kuwa mas'alar yankan Ahlul Kitabi ce, malamai sun yi saɓani a kan na wannan zamanin, ni dai barinsa nake yi.

Na uku wurin. Caca haramun ce da nassi, aya ta 90 a wannan surar dai ta haɗa ta da giya. Kwanan da za ka yi a otal ɗin ba kai ka zaɓa ba, aiki ne ya kai ka, wannan uzuri ne. Amma ka ɗau ƙafarka ka je ka kashe kuɗinka a gidan abincin da mallakar masu cacar ne alhali akwai wani a waje, wannan zaɓinka ne. Ban ce abincin ya haramta ba, cinikin abinci halal ciniki ne ingantacce, amma barin abun da zuciya ke kokwanto a kai ya fi, kuma kai da bakinka ka ce zuciyarka ba ta kwanta ba. Sannan akwai hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, toh in abokan naka masu sha ne ka yi musu bayani da kyakkyawan lafazi tun kafin ku zauna, mafi yawan mutane suna girmama wanda ya faɗi gaskiyarsa a mutunce. Wallahu a'alam.

Hajiya Malali

Ɗana ni ma'aikaciyar jinya ce, abu ɗaya na ga ba wanda ya taɓo kuma shi ya fi tsorata ni. Ka ce ba ka taɓa cin kaguwa ba. Akwai mutanen da jikinsu baya karɓar irin waɗannan masu ɓawon, kuma yana iya bayyana ko mutum ya girma, ba sai yaro ba. Yana farawa da ƙaiƙayin baki da borin jini, leɓe ya kumbura, in ya yi tsanani maƙogwaro ya toshe numfashi ya gagara cikin mintuna. Abun da ya ɗan kwantar min da hankali ka ce madam na sa kirafish a miya, wannan ai ƙananan jatan lande ne busassu, dangin su ɗaya da kaguwa, in kana ci lafiya alama ce mai kyau, amma duk da haka ka fara da kaɗan ka jira ka ji jikinka, kar ka yi tuli a karon farko. Kuma dan Allah ka tabbatar ofis sun yi maka inshorar lafiya ta tafiya ka riƙe takardar a jikinka, asibiti a Amurka ba wurin da za ka shiga da aljihunka ba ne.

Ɗanyar kawa kuma ni ban yarda da ita ba sam. Akwai ƙwayar cuta Vibrio da ke zama a ciki, lemun tsami ko yaji baya kashe ta sai wuta, kuma ga mai ciwon hanta ko ciwon suga tana iya kai wa ga rasa rai. Mu nan kun san yadda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kuma da yawa basu ma san suna da shi ba. In kana da hawan jini ka tuna maganar gishirin da Baba ya yi, ka sha ruwa sosai, garin ma busasshe ne.

Ummi KD

Nikam kuyi hakuri Baba, da girmamawa, ban yarda da duka ba. A Malesiya nayi karatu kuma muna hawa Genting Highlands lokacin hutu, shima wurin shakatawa ne mai gidan caca a saman dutse, Musulmin kasar ma doka ta hanasu shiga bangaren cacar amma iyalai suna cika wurin da yara kuma akwai gidajen abinci masu shaidar halal, toh a irin wuraren nan na fara cin abubuwan da da kudina bazan taba yin odarsu ba saboda tsoron in saya inji ba dadi. Amfanin bufe kenan ga wanda bai sani ba, ka dauki daya daya ka dandana, wanda bai maka ba ka barshi, wanda ya maka ka koma. Idan lissafin kilo nawa na kaguwa zaka ci ne toh Baba yafi gaskiya, amma ba kowa ke zuwa don ya fanshe kudi ba, kuma zama da abokan aiki a ci abinci tare shima yana da nasa amfanin, wani abun a teburin abinci ake kulla shi ba a ofis ba. Amma fa na yarda Vegas ba Malesiya bace, can babu mai baka shaidar halal, sai kabi abun da Malam yace. Yaya in zaka iya ware dala 100 din ba tare da ta taba kudin makaranta ba kaje sau daya, in zata taba kam a hakura.

Ɗan Kawo

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri Ya bar zumunci. Hajiya maganar inshora gobe zan tambaya a ofis, kuma gwajin hanta ma zan je in yi kafin tafiyar in sha Allah. Ƙanwata Ummi maganarki ta shige ni, sai dai gaskiya za ta taɓa kuɗin makarantar, na sake bugawa. Na tura wa abokan maganar Spring Mountain Road ɗin, ɗan Fatakwal ya ce shi in dai mai rai ce a tanki ya fi so, ɗaya daga cikin 'yan Legas ɗin ne ya dage sai Caesars don matarsa ta ce ya ɗauko mata bidiyo, na ce su je ranar da suka ga dama ni zan bi su ɗayan. Baba tambaya ta ƙarshe, kaman taron zai haɗa da Juma'a, akwai masallaci kusa kuwa? Kuma a gidan abincin 'yan Chinan ba za a samu matsalar aladen ba?

Baban Yara U/Rimi

Akwai masallatai, Jamia Masjid yana kan East Desert Inn Road, daga inda ake baje kolin ba nisa a mota, ka duba lokacin huɗuba a waya tun ranar Alhamis kuma ka fita da wuri don makon CES samun mota aiki ne. Na 'yan China kuma eh suna amfani da alade sosai kuma suna ɗiga giyar shinkafa a girki, don haka in kun zaɓi kaguwar ka ce a turara taka da citta da albasa kawai, ba giya, farar shinkafa a gefe, kar ka karɓi soyayyar. Ana saidawa ne da nauyi, fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, ka sa su auna a gabanka su faɗi kuɗin kafin ta shiga tukunya. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, daren Janairu a can ya fi hunturun Kaduna nesa ba kusa ba.